Tukunyar Iska a Ɗakin Yaya

Shekara biyu cur na yi ina ɓoye wa abokan kasuwa abin da ɗiyata ke karantawa a jami'a. In an tambaye ni a rumfa, "Alhaji, yarinyar nan likita za ta zama ko nas?" sai in ce, "Tana dai wajen asibiti," in karkata zancen zuwa farashin buhu. Ita ba ta yi abin kunya ba. Ni ne ban san yadda zan faɗi sunan abin ba, kuma can ƙasan raina ina ganin an yi mini sakiyar da ba ruwa. Tun daga firamare nake biya har ta gama sakandare da sakamako mai kyau a ɓangaren kimiyya, ina jiran ranar da za a ce mini baban likita, sai ga ta da takardar shiga wani karatu wai na kula da numfashi. Numfashi kuma? Abin da jariri ke yi ba wanda ya koya masa, shi za a zauna shekara 4 ana karantawa?

Haka na faɗa mata ranar, a gaban uwarta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, in ka ga aikin za ka gane." Uwarta ce ta tsaya mata, ta ce tunda yarinya ta samu guri a Jami'ar Gana, kuma a Korle Bu za a koyar da su, asibitin da ke tsaye tun 1923, ai ba wasan yara ba ne. Na sa hannu ba don na gamsu ba, don dai a zauna lafiya a gida.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan albasa ne. Daga yankin Galmi muka taso, cikin jihar Tawa, ni da Yayana wanda ya ba ni shekara tara. Shi ya fara sauka Ankara ta Gana, ya kafu, sannan ya aika aka taho da ni ina saurayi. Sama da shekara 20 muka yi a kasuwar Agbogbloshie kafin a tashe mu a watan Yuli na 2021 a mai da mu Adjen Kotoku. Duk wanda ya zauna a tsohuwar kasuwar ya san hayaƙinta. Can gefenmu samari ke ƙona wayoyin lantarki da tsofaffin firji da kwamfutoci don su ciro jan ƙarfe, baƙin hayaƙi ya taso ya lulluɓe rumfuna, ka tofa yawu ka gan shi baƙi. Mun saba har mun daina jin warinsa. Shi Yaya ya haɗa da taba sigari, shekaru masu yawa yana sha kafin ya bari bayan ya sauke farali. Ga maganin sauro na ƙonawa kullum dare a ɗaki rufe. Tarinsa na asuba ya zame mana agogo, har yara na kwaikwayonsa.

Hunturun da ya biyo bayan tashinmu shi ya kayar da shi. Ƙura ta sauko, ya kama mura, murar ta sauka ƙirji. Wata safiya ya kasa tako daga ɗakinsa zuwa wurin alwala, leɓensa ya yi duhu, kafaɗunsa na ɗagawa da kowane numfashi. Kwana tara ya yi a asibiti. Likita ya ce hanyoyin iskar da ke cikin huhunsa sun ƙuntace, ƙuntatar da ba ta komawa daidai, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Aka sallame mu da magunguna da takarda, aka ce sai ya riƙa shaƙar oksijin a gida, aƙalla awa 15 a kowace rana. Takardar na ninke na sa a aljihun riga, rigar kuma ta koma akwati.

Nan kuskurena ya fara, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

A kasuwa wani ya ce mini ya san mutum, "ya daɗe a asibiti, ba abin da bai sani ba," kuma yana kawo tukwanen iska har gida. Mutumin ya zo da farar riga da abin sauraren ƙirji rataye a wuya, bakinsa da zaƙi, Hausarsa ma ba laifi. Kuɗin zuwansa ba yawa, ya ce shi a cika tukunya kawai yake ɗan samu. Na ji daɗin ciniki. Ni da ba na sayen buhu sai na kwance bakinsa na zura hannu har tsakiya na ji ko akwai ruɓa, ban tambayi mutumin nan ko da guntuwar takarda ba. Farar riga ta gama da ni.

Ya ɗaura tukunya, ya sa wa Yaya siririn tiyo mai baki biyu a hanci. Yaya ya ce har yanzu yana jin kamar iskar ba ta isarsa, sai mutumin ya murɗa ya ƙara, ya ce, "Iska ai ba ta yawa, Alhaji." Muka ce haka ne. Kwana na biyu Yaya ya samu barci irin wanda rabonsa da shi an yi watanni. Hajiya matarsa har sadaka ta yi. Kwana na uku barcin ya ƙaru, in ya farka sai ya ce kansa na sara. Kwana na huɗu na shiga gaishe shi, ya dube ni ya kira ni da sunan mahaifinmu, wanda ya rasu tun ina yaro. Na fito na ce wa Hajiya gajiyar ciwo ce. Tukunya kuwa kullum sai an kawo sabuwa, kullum sai na zaro kuɗi.

Ran Juma'a da yamma ɗiyata ta zo daga makaranta duba Baba Babba, kamar yadda suke kiransa. Lokacin tana shekara ta uku. Ta durƙusa ta gaishe shi, bai amsa sosai ba. Na ga ta ɗaga kai ta dubi wani ɗan gilashi a wuyan tukunyar, mai ƙwallo a ciki yana rawa. Ta zaro wata 'yar na'ura daga jakarta ta maƙala masa a yatsa. Lamba ta fito 99. Ni har na yi hamdala da ƙarfi, don a ganina saura ɗaya ya cika ɗari. Ita kuwa fuskarta ta sauya.

"Baba, ina takardar asibiti?"

Sai da aka zazzage akwati. Ta karanta, ta miƙo mini, ta ɗora yatsa kan lamba 2. Likita ya rubuta lita 2 a minti. Ƙwallon yana kan 6.

Ba ta yi gaban kanta ba, wannan na lura da shi ko a cikin ruɗewar. Ta kira wani da ya riga ta gama karatun, yana aiki a babban asibiti, ta faɗa masa abin da ta gani. Ya ce ta mai da shi kan abin da likita ya rubuta, kada ta cire masa gaba ɗaya, kuma a ɗauko shi yanzu-yanzu. A cikin tasi ta riƙe kansa tana kiran "Baba Babba, Baba Babba, buɗe ido," ni kuma ina gaba, ban iya ko waiwayowa ba.

Daga baya ta zaunar da ni ta warware mini. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne oksijin. Huhu aiki biyu yake yi: ya shigar da oksijin cikin jini, ya fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita, wadda ake ce wa iskar kabon. Mai lafiya in an gwada shi a yatsa ana son a ga 95 zuwa sama. Amma wasu masu irin ciwon Yaya, in aka cika musu oksijin fiye da ƙima, sai iskar kabon ta taru a jininsu ta kasa fita. Ita ke kawo ciwon kai, da ruɗewa, da barcin da in ba a farga ba ba a tashi daga shi. Shi ya sa ake tsayar da irinsu tsakanin 88 da 92. Ashe barcin da muka yi wa sadaka shi ne abin tsoron. Ta ce, "Baba, oksijin magani ne, da awo ake ba da shi, kamar allura."

Ni kuma na yi nawa lissafin na ɗan kasuwa. Babbar tukunya, wadda tsawonta ya kusa ƙirjin mutum, tana ɗaukar lita wajen 6,800. In ana sha lita 2 a minti, lita 120 ke nan a awa, ko dare da rana aka bar ta buɗe za ta wuce kwana biyu. In aka murɗa zuwa 6, ba ta cika awa 19. Ba zan ɗauki alhakin mutumin in ce da gangan ya yi ba, wataƙila jahilci ne tsagwaronsa. Amma jahilcin ya zo daidai da aljihunsa. Tun ranar bai sake ɗaga wayata ba.

Daren da na ga aikin

A asibiti aka wuce da Yaya sashen masu ciwo mai tsanani. Nan na ga saurayin da ɗiyata ta kira. Ba zai wuce shekara 28 ba, siriri, ba shi da yawan magana. Ya kama wuyan hannun Yaya ya laluba inda jijiya ke bugawa, ya ɗebi jini daga nan, ba daga inda aka saba ɗiba ba. Cikin 'yan mintoci sakamako ya fito, ya nuna wa likita, suka yi magana a tsaye. Sai ya turo wani inji, ya ɗaura wa Yaya takunkumi mai matse hanci da baki, injin na tura masa iska da ƙarfi in zai shaƙa, ya sassauta in zai fitar. Yaya ya fara fizge-fizge, yana son cire abin. Yaron nan ya jawo kujera ya zauna dab da kunnensa, ya dafa masa kafaɗa, yana ce masa cikin Hausar da bai iya sosai ba, "Baba, sannu, bi shi, bi shi." Ya fi rabin awa a haka har numfashin Yaya ya daidaita da na injin.

Ni an bar ni a benci a waje, ina leƙe ta gilashi. Na ƙirga, kafin asuba sau bakwai ya dawo kan gadon. Ya duba lambobi, ya gyara igiyar takunkumi don kada ta ci masa karan hanci, ya ɗaga masa kan gado, ya sake ɗibar jini ya gwada. Tsakanin haka ana kiransa wasu gadajen. Akwai wata mata da aka zura wa tiyo har cikin maƙoshi, inji ke yi mata numfashin baki ɗaya, na ga yana zuƙe mata majina da wani siririn bututu. Can tsakar dare ya fita da gudu, ashe ɗakin jarirai aka kira shi, wani bakwaini ne huhunsa bai gama ƙwari ba. Likita na zuwa ya duba ya ba da umarni ya wuce. Nas na ba da magani, tana kula da jikin maras lafiya gaba ɗaya. Shi wannan, numfashin nan shi ne gonarsa.

Da gari ya waye Yaya ya buɗe ido ya ce, "Kai yaro, mi muke yi nan?" Shekarata hamsin da 'yan kai, amma har gobe yaro nake a bakinsa. Ban taɓa jin daɗin kalmar kamar ranar ba.

Daga nan na shiga bin diddigin sana'ar, ina tambayar ɗiyata, ina karanta abin da ta ba ni. A Amurka ta samo asali. Da farko ma'aikata ne masu tura tukwanen oksijin daga gado zuwa gado, har suka kafa ƙungiyarsu a Chicago a 1947. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na birnin Copenhagen na ƙasar Denmark a 1952, lokacin annobar shan-inna. Ciwon ya shanye wa mutane naman da ke motsa ƙirji, ga injuna ba su isa ba. Wani likita mai suna Bjorn Ibsen ya kawo dabarar a huda maƙogwaro a sa bututu a riƙa tura iska da jakar roba. Ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka riƙa karɓa-karɓa, dare da rana, suna matsa jakar da hannu, makonni a jere. In hannu ya tsaya, rai ya tsaya. Yau inji ke matsawar, amma dole a samu mai zama kusa da shi, wanda ya san yawan iskar da wannan ƙirjin zai ɗauka ba tare da an yi masa lahani ba, ya kuma san ranar da za a fara janye injin a hankali har mutum ya koma numfashi da kansa. Lokacin korona, da ta shigo Gana a watan Maris na 2020, an yi ta maganar sayen injunan taya numfashi a rediyo. Ban ji ana yawan tambayar wa zai kunna su ba.

Ɗauka ta biyu

Da za a sake sallamar Yaya, ban bari an fita da shi ba sai da na nemi asibitin su haɗa ni da wanda zai riƙa zuwa gida. Suka haɗa ni da wata mata, ita ma mai wannan karatun. Wannan karon na kwance bakin buhu.

Na ce ta nuna mini shaidar makaranta da lasisinta. Ba ta ji haushi ba, har ta ce da ma kowa na tambaya. A Gana akwai hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, ba nas-nas ba, rajista, an kafa ta ƙarƙashin dokar 2013, kuma kowane mai lasisi yana da lamba da ake sabuntawa. Mai gaskiya ba ya jin nauyin nuna lambarsa. Ita ma ta yi mini tata tambayar, kuma a nan na gane bambanci: kafin ta taɓa komai sai da ta ce a ba ta takardar likita, da sunan likitan, da lambar da za ta same shi. Na farko bai taɓa tambayar takarda ba. In ka ɗauko mutum ya kama murɗe-murɗe bai nemi ganin abin da likita ya rubuta ba, raka shi bakin ƙofa tun da wuri.

Sannan ta zagaya ɗakin kamar mai neman hayar gida. Ta sa aka fitar da kaskon turaren wutar Hajiya, wanda sai da aka yi 'yar tsama kafin ta yarda. Ta hana maganin sauro na ƙonawa, ta ce a ɗaura gidan sauro. Ta ce ko ashana kada a ƙyasta kusa da tukunya, kada a shafa man shafawa mai maiƙo a hancin da tiyo yake, don oksijin na sa wuta ta ci kamar an zuba mata fetur. Murhun gawayin da ake dafa abinci a bakin tagarsa aka mai da shi bayan gida. Ta ba da shawara mu sayi injin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki, mai aiki da lantarki, mu bar tukunya ɗaya cike a gefe saboda ɗaukewar wuta, abin da 'yan Gana ke kira dumso. Kuɗin injin ya yi mini nauyi ranar saye, amma cikin 'yan watanni ya fanshi kansa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na inhela. Shekaru Yaya yana fesa shuɗin nan a baki, ashe rabin maganin a harshe yake tsayawa. Ta kawo wata 'yar gora ta roba da ake haɗawa da shi, ta koya masa ya girgiza, ya fitar da numfashi, ya fesa sau ɗaya, ya ja a hankali, ya riƙe ya ƙirga goma. Ta koya masa fitar da iska da leɓe a tsuke kamar mai hura koko, da yadda zai yi tari ya fito da kaki ba tare da ya galabaita ba. Ta riƙa tayar da shi tana sa shi tafiya a tsakar gida tana duba agogo. Har 'yar na'urar yatsan ta ce kada mu mai da ita alƙali: yatsa mai sanyi, ko jan farce, ko baƙin lalle na iya ruɗa ta, kuma a kan baƙar fata takan ƙara maki kaɗan fiye da gaskiya. A dubi mutum tukuna, sannan a dubi lamba.

Mun yi yarjejeniya a rubuce: sau nawa za ta zo a mako, nawa ne kowane zuwa, wa za a kira in abu ya taso da dare. Kuma ba ta sayar da tukunya, ba ta sayar da magani. Wannan na sa shi da kaina, don na riga na ga abin da ke faruwa in mai awo shi ne mai sayarwa. Kuɗinta ya ninka na mai farar riga, amma wata na farko kawai abin da na rage a cika tukwane ya biya ta har da canji. Bayan wata uku ita da kanta ta ce a rage zuwan nata, Hajiya ta iya.

'Yan uwa da ke Abijan, Lome, Kwatano, Duwala, ko gida Nijar, inda asibiti ma likita muke ce masa, shi kuma likitan lokotoro, ba lalle ku samu mai wannan suna ba. A ƙasashen Faransanci aikin rabe yake: masu gashin ƙashi da motsa jiki da ake ce wa kine su ke taimakawa wajen fitar da majina da koyar da numfashi, injuna kuma suna hannun likitocin sa barci da farfaɗowa da nas-nas ɗinsu. A Najeriya ma galibi haka abin yake. Sunan ba shi ne abin nema ba. Ku tambayi asibitin da ya sallame ku wa ya iya, ku ga takardarsa, ku tabbata yana magana da likita.

Bayan an gama karatu

Yanzu ga ɗaya gefen, ga wanda ɗansa ko ɗiyarsa ke sha'awa. A takardar neman shiga jami'a za ku ga an rubuta Respiratory Therapy. Ana son wanda ya yi kimiyya a sakandare. Shekara 4 ne, sannan shekarar bautar ƙasa, da jarrabawar lasisi. Ba zan yi muku daɗin baki ba: gama karatu daban, samun aiki daban. Sana'ar sabuwa ce a nan, akwai asibitocin da ke da injuna amma ba su buɗe gurbin mai wannan aiki ba, har yanzu nas ake ɗora wa. Ɗiyata ta yi watanni a gida tana kai takardu.

A cikin zaman jiran ne wani dillali ya biyo ta hannun wani abokina. Wai Saudiyya na neman irinsu ruwa a jallo, albashi da riyal, gida kyauta, ga Umara a kusa. A kawo fasfo da kuɗin somin-taɓi, cikin wata biyu sai jirgi. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Gaskiya ne Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na yankin sun daɗe da sanin wannan sana'a, suna da makarantunta, suna kuma ɗaukar baƙi. Amma ɗiyata ta ce a kira shi ya zo gida. Ta tambaye shi sunan asibitin da zai ɗauke ta, ya ce sai an je. Ta ce ina maganar tantance takardu ta DataFlow, ina jarrabawar Prometric, ina rajista da hukumar ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, tunda ba mai taɓa maras lafiya a can sai ya bi ta nan? Ya ce duk za a yi a can. Ta ce wace irin biza ce? Sai ya fara duba agogo. Uwarta da ke bayan labule ta ce, "Malam, gaishe da gida." Mun ga 'yan matan zango da aka ce musu aikin asibiti, suka tsinci kansu suna wanke-wanke a gidan wani, fasfo a hannun uwar ɗaki. Masu hangen Amurka kuma su sani, can ma takardar waje ba ta wucewa kai tsaye, sai mutum ya bi ta makarantar da suka amince da ita ya ci jarrabawar hukumarsu.

Daga ƙarshe wani asibiti mai zaman kansa ya kira ta. Ta ce ba su tsaya dogon surutu ba. Sun ajiye mata inji a warwatse suka ce ta haɗa, suka ba ta sakamakon jinin wani suka ce ta faɗi abin da ke damunsa da abin da za ta gaya wa likita, sannan suka tambaye ta me za ta yi in wuta ta ɗauke alhali mutum na kan inji. Ta ce jakar hannu tana rataye a kan kowane gado saboda haka. Na tuna ɗaliban Copenhagen.

Aikin da wuya, kada wani ya ruɗe ku. Tsayuwa ce ta awa 12, wani mako rana, wani mako dare. Majina ce da jini da tari a fuska, ga tarin fuka da ake ɗauka ta iska, dole takunkumi kullum. Kuma suna ganin mutuwa fiye da yadda yarinya mai shekarunta ta kamata ta gani, don in an yanke shawarar cire wa mutum inji, sau da yawa hannunsu ne ke kashewa. Akwai ranar da ta dawo ta shige ɗaki ba ta ci abinci ba, uwarta ta ce in ƙyale ta. Albashin kuma, in faɗi gaskiya, yaron da ke tsare mini rumfa in kasuwa ta yi kyau yakan kusa kama ta.

Surutun mutane ma yana nan. An ce mini ya zan bar ɗiya mace tana kwana a waje, tana taɓa maza. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce wa zai aure ta a haka. Ban yi musu da shi ba. Na dai tuna ranar da aka kwantar da matar wani daga cikinmu, yana ta faɗa a bakin ƙofa wai ba mace ko ɗaya da za ta duba ta, ba mai jin Hausa. Da hijabinta take aiki, mai gajeren hannu a ciki saboda wanke hannu, kuma tsofaffinmu in suka ji ta ce "Sannu Baba, ja numfashi," sai ka ga jikinsu ya saki. Wanda ya fito neman aurenta na gaya masa tun zaman farko cewa da aikinta zai ɗauke ta, ya je ya yi shawara da iyayensa. Har yanzu muna jiran amsa.

Matan gidanmu kuwa sun mai da ita abin tambaya. A wajen suna na ji tana koya musu ƙirga numfashin yaro mai tari da zazzaɓi, yana kwance shiru, minti ɗaya cif: ɗan ƙasa da wata 2 in ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa shekara in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko aka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, a bar jiƙe-jiƙe a nufi asibiti.

Yaya yana nan. Ba ya zuwa kasuwa, amma daga kan tabarma yake ba da umarni ta waya, tiyo a hanci, yana faɗan an sayar da arha. Kullum maganarsa a mai da shi Galmi. An lissafa masa kwanakin hanya ta Bawku da Burkina, da tukwanen da za a ɗauka, da yadda wutar ƙauye take, ya ce shi dai a bari damina ta wuce a sake lissafi.

Makon jiya ɗiyata ta ce in biyo ta wurin aiki in karɓi saƙo. Ina zuwa ta zaunar da ni gaban wata na'ura, ta matse mini hanci da wani abu kamar na shanya, ta ba ni bututu ta ce in cika ƙirji in busa da iyakar ƙarfina har sai ta ce ya isa. Sau uku muka yi. Na ce mata ni ban taɓa shan taba ba. Ta ce, "Baba, shekara nawa ka yi a Agbogbloshie?" Ta daɗe tana duban takardar da ta fito, sannan ta ninke ta, ba ta ba ni ba, ta sa a jakarta. Ta ce likitan ƙirji na zama ran Talata, ta riga ta rubuta sunana. Na ce Talata motoci biyu za su sauka daga Galmi. Ta ce ta riga ta gaya wa Baba Babba, ya ce shi zai tura yaro ya ƙirga buhunan.